Barcin da Aska Ba Ta Katsewa

Da sunan Wanda ya halicci ciwo ya ajiye maganinsa a nesa, ya kuma halicci ƙafa don a je a nemo. Na zaune ya gyara zama, na tsaye ya nemi inuwa. Ni ne Dogara ɗan Cindo, mutumin Tungar Rimaye a ƙasar Dalmasa, inda rana ke fitowa ta bayan tafkin gishiri. Na taka ƙasashen da fatake ba su san sunansu ba, na kuma dawo da abin da aka aike ni. Amma wanda ya zo jin labarin mutumin da ya dawo yana dariya, gara ya tashi tun yanzu.

Sana'ar gidanmu riƙo ce. A ƙasarmu in za a yi wa mutum aiki da aska, a fasa ƙurji, ko a ciro kibiya, ko a yanke ƙafar da ta ruɓe, Sarkin Aska Nomau ne ke yanka, ni kuma in danne. Ubana ya danne, kakana ya danne. Allah ya ba ni damtse kamar taɓarya, na kuma san inda ake sa gwiwa, da inda ake sa ƙirji, da yadda ake kauce wa cizo. Mutane da yawa suna raye yau don ban sake su ba. Sai dai akwai abin da ba a gaya wa mai riƙo sai ya gani da idonsa: wanda ka danne ba ya yafe wa hannunka. Zai warke, zai aiko maka da zakara, zai gaishe ka har da rusunawa, amma miƙa masa hannu ka ga yadda jikinsa zai ja baya tun shi kansa bai sani ba. Baba Nomau da ya yanka su, da shi suke hira a kasuwa. Ni da na riƙe, ni ake canja wa hanya. Abin yana cin raina, ba zan ɓoye muku ba.

Mutum ɗaya ce a garin ba ta tsoron hannuna, matata Tabawa mai daddawa. Takan ce tafina ya isa a shanya kuɓewar shekara a kai. In ta gaji da aiki sai ta zo ta kwantar da kumatunta a cikinsa, ta ce matashin gidan nan duk ba su da laushi. Ga ta da murya. In tana dakan kalwa tana waƙa, masu zuwa rafi sukan rage sauri a bayan dangarmu, ni kuwa tun daga gindin rimayen bakin gari nake jiyo ta, in san na iso gida.

Sai wani ƙari ya fito mata a wuya, ƙarƙashin haɓa. Ya fara kamar gyaɗa, ya zama kamar goro, ya kai ƙwan zabo. Baba Nomau ya zo ya taɓa, ya ja ni gefe.

"Dogara, wannan ba na jiƙo ba ne, na aska ne. In an bar shi zai shaƙe ta."

A al'adarmu matar aure mijinta ne ke riƙe kanta, wani namiji ba ya taɓa ta, sai in mijin ba ya gari mata su taru su riƙe. Ni kuwa ina gari, kuma ni ne mai riƙon garin kaf. Na shiga na gaya wa Tabawa a sa rana. Ta ajiye taɓarya ta dube ni.

"Maigida, ba askar Baba nake tsoro ba."

"To mene ne?"

"Ranar da za ka miƙo mini hannu jikina ya ja baya. Gara abin nan ya shaƙe ni ina son hannunka."

Na yi faɗa, na yi lallashi, na kira yayata Gaje ta sa baki, duk a banza. Can wata safiya, su biyun suna zaune, Tabawa ta ce ta ji fatake na cewa can gabas akwai wani barci da aska ba ta katsewa, a yanka mutum a ɗinke yana minshari.

"Je ka nemo mini. In ka kawo, in kwanta Baba ya yi aikinsa."

Ban taɓa jin irin wannan magana ba. Na dubi Yaya Gaje, ta sunkuyar da kai tana tsintar tsakuwa a gero. Amma mai neman ceton matarsa ba ya tsayawa tantance labari. Tabawa ta cika mini burgami da daddawa, kowane ƙulli da shaidar babban yatsanta a tsakiya inda ta danna. Ta rako ni gindin rimaye, ta kama hannuna ta sa a kumatunta, sannan ta tura ni.

Na ƙetare dajin da itatuwansa ke juya ganye suna bin baƙo da kallo, na isa ƙasar Kurmusa. Da na faɗi abin da nake nema suka ce ai gidansa na zo. Aka kawo wani mai ƙurji a baya, aka kifa masa baƙin akushi a ka, Sarkin Guduma ya ɗaga guduma ya buga sau ɗaya. Mutum ya zube. Wanzami ya yanka, ya matse, ya ɗaure, ko motsi babu. Saura kaɗan in yi rawa. Allah ya sa na tsaya ganin tashinsa. Da ya farfaɗo matarsa ta kawo masa kunu, ya karɓa da ladabi ya ce, "Baiwar Allah, 'yar wane gida ce ke?" Suka ce ba komai, wasu sukan tuna, wasu kuma a sake koya musu sunansu. Na ce a raina, me zan yi da Tabawar da ba ta san ni ba?

Na ɗauki sandata zan wuce, Sarkin Guduma ya tare ƙofa. Ya ce baƙon da ya ga sirrinsu ba ya fita sai an karrama shi da akushi, don kada ya tuna hanya.

"Ranka ya daɗe, na gode," na ce. "Amma a garinmu baƙo ne ke fara karrama mai masauki. In na karɓa ban bayar ba, na ci mutuncin ubana."

Na naɗe hannun riga, na ɗauki gudumar, na ce bari in gwada nauyinta. Na kifa wani akushi a kan dutsen niƙa na sauke masa. Akushi ya tarwatse, dutsen ya rabe biyu.

"Madalla, ta yi daidai. Sunkuyo, ranka ya daɗe."

Ya dubi dutsen, ya dubi damtsena, ya ce yanzu ya tuna, wannan al'ada ta baƙin damina ce. Har guzuri suka haɗa mini.

Daga nan na hau Dutsen Farin Rawani. Ƙanƙarar da a wurinmu takan zo da ruwan sama ta narke kafin a tsince ta, a can kwance take kamar katanga. Mutanen wurin gemunsu har ƙara yake in suna magana. Su in za su yanke hannu, sai su binne shi a ƙanƙara har mai shi ya manta nasa ne. Na binne nawa na gwada, aka soka mini ƙaya ban ji ba. Wata tsohuwa ta ce da ni, "Ɗan nan, hannu ake binnewa da ƙafa, ba a binne wuya." Ban saurare ta ba. Na sare guntun ƙanƙara kamar turmi, na naɗe da fatun akuya, na aza a ka, na gangara da gudu. Ni a tunanina dutse ne, kuma dutse ai ba ya gudun mai shi. Kafin in kai gindin tsaunin ruwa ke bin bayana har dunduniya. Na sauke kaya na buɗe, ba komai sai abin da bai fi cikin ludayi ba a lungun fata.

Na zauna na yi kuka irin na ƙato, mai muni, sannan na shanye ruwan tunda ni na ɗauko shi. A nan kewa ta kama ni sosai. Na duba rana na ce yanzu Tabawa ta fito da turmi, yanzu ta ɗaure zani, yanzu za ta ɗaga murya. Na gwada rera waƙarta da kaina, awakin dutse suka watse. Abin da ya fi damuna shi ne ban san girman da ƙarin ya kai ba. Duk abin da na gani a hanya sai in auna shi da wuyanta: lemo, ƙwallon giginya, tulun yara. Na duba burgami, daddawa ta kusa ƙarewa. Na ware ƙulli ɗaya na rantse ba zan ci shi ba. In na gaji sai in sa yatsana a gurbin nata, ko rabinsa ba ya shiga.

Damina ta same ni a bakin wani ruwa da ba a ganin ƙarshensa. A gaɓarsa duma ke yaɗo, kowace ƙwarya ta isa ɗaki. Masu fito suka fafe ɗaya suka zaunar da ni a ciki, iska ta yi ta juya ni kamar gaya a miya har na faɗa gaɓar Birnin Kamsala.

Mutanen Kamsala masu haɗa turare ne gaba ɗayansu. Hancinsu dogo ne, da shi suke gane juna, da shi suke gane maƙaryaci. Cikin abin da suke dafawa akwai wani ruwa fari tas, mai sanyi a fata, in ka bar kwalbarsa a buɗe ya gudu. Suna ce masa ruwan biki. Sukan ɗiga a tsumma su shaƙa, su yi ta dariya da rawa har su zube. Na tambaye su barcin da aska ba ta katsewa, suka ce ba su taɓa ji ba.

Wata la'asar na tsaya kallon wani biki. Wan ango, wani ƙato mai suna Barmo, ya shaƙa ya wuce misali, ya juya ya faɗi a kan kwalabe, cinyarsa ta tsage. Ban san lokacin da na tsallake tabarmi ba. Sana'a ce, jiki ya saba. Na sa gwiwa, na sa ƙirji, na kauda kunnena daga bakinsa, na ce a kira mai ɗinki. Mai ɗinki ya zo ya soka allura. Na taƙarƙare ina jiran fizga.

Ba ta zo ba.

Jama'a, tun da nake danne mutane, jiki bai taɓa kwanciya a hannuna haka ba. Laushi kamar ƙullu. Na sassauta gwiwa, shiru. Na ɗaga ƙirji, shiru. Na janye hannuwana duka biyu na riƙe su a sama kamar wanda aka kama da sata, allura na shiga tana fita, Barmo na minshari. Da ya tashi abin da ya fara tambaya shi ne wa ya yaga masa wando.

"Bayin Allah," na ce, "da wannan kuke yi wa majinyatanku aiki?"

Suka kwashe da dariya. Wani dattijo ya share hawaye ya ce, "Ruwan biki a ɗakin ciwo? Kai baƙo, a garinku guɗa ake yi a wurin jinya?" Ashe a al'adarsu abin murna ba ya shiga inda ake ciwo. Majinyatansu da igiya suke ɗaure su, suna ihu, ga kwalabe jere a maƙwabta.

Na nemi matar da ke dafa ruwan, wata tsohuwa, Inna Kyauta, na zama mai ɗauko mata tulu. Na gaya mata labarin Tabawa, sannan ta fara koya mini. Ta nuna mini yadda ake dafa shi, da yadda ake nesa da shi da wuta don yana kamawa tun daga nesa. Ta ce ɗigo-ɗigo ake zubawa, ido a kan ƙirji, yatsa a kan jijiyar hannu, in numfashi ya canja a ɗaga tsumma. Ta kai ni bayan ganuwa ta nuna mini kaburburan waɗanda suka shaƙa ba mai lura da su. Na ce ba zan sa wa matata abin da ban ɗanɗana ba. Ta kwantar da ni ta ɗiga.

Sai ga ni a gindin rimaye. Sai ga muryar Tabawa, tar, ta tsallako danga, da ƙarar taɓarya a ƙarƙashinta, har inda takan ja numfashi a tsakiyar baiti na ji. Na farka fuskata jiƙe.

"Inna, ƙara mini kaɗan."

Ta toshe kwalba. "A'a, ɗana. Rabin na bayan ganuwar nan haka suka fara, wani suke son gani. Tashi ka je ka ji ta da kunnenka."

Ta ba ni kwalba guda, ta ce sauran aiki nawa ne, don dokar Kamsala ta hana fita da ruwan biki, kuma masu tsaron ƙofa ba sa buɗe kaya, shinshinawa kawai suke yi, ko ɗigo ɗaya ka ɓoye a cikin buhun gishiri sai sun ji. Na juya abin a raina har na tuna ƙullin da ke burgamina. Na fito da shi. Ga yatsanta nan, ya bushe, ya yi baƙi, shi kaɗai ya rage mini daga gida. Na daɗe ina kallonsa. Sannan na jiƙa shi, na murje, na shafe kwalbar da burgamin da gemuna.

Babban mai tsaro ya miƙo hancinsa ya ja iska sau ɗaya. Idonsa ya kawo ruwa, ya ja da baya, ya dafe bango.

"Me ya mutu a jakarka?"

"Ranka ya daɗe, kayan miya ne. In buɗe maka?"

"Buɗe masa ƙofa! Ku buɗe duka biyun!"

Komowata ban tsaya ko'ina ba sai don sallah da abin da ya zama dole. Na kewaye Dutsen Farin Rawani, na bi ta bayan Kurmusa, ƙafata ta tsage ta warke ta sake tsagewa. Da hantsi na iso gindin rimaye, na tsaya na kasa kunne. Na ji taɓarya. Dakanta ne, ko cikin mata ɗari zan gane shi. Tana raye! Na jira waƙar ta biyo baya. Taɓarya kawai.

Na shiga. Tana tsaye a kan turmi, wuyanta sumul, sai wani dogon tabo daga haɓa zuwa ƙashin wuya. Ta saki taɓarya. Bakinta ya ce, "Sannu da zuwa, Maigida," amma abin da ya fito iska ce kawai, sai da na matso na ji.

Yaya Gaje ta ji shigowata ta zo, ta tsaya a bakin zaure, ta ƙi ƙarasowa.

"Ƙurar ƙafarka ba ta kwanta ba ta aika aka kira Baba Nomau," in ji ta. "Ba ka gari, al'ada ta ba mata. Ni na riƙe kanta. Ba ni da ƙarfinka, Dogara. Ta fizge, aska ta goce ta taɓa inda murya take."

Na zaro kwalbar na ajiye a kan turmi. Tabawa ta dube ta, ta dube ni, idonta ya buɗe.

"Ashe akwai shi?"

"Ba ke kika ce fatake sun faɗa ba?"

"Babu farken da ya faɗa. Ni na ƙirƙira. Na zaɓi abin da ba za ka samu da wuri ba, don ka yi nisa."

Na yi fushin da ban taɓa yi ba. Na ce da kin jira, na ce ga shi a gabanki, na ce ku biyun kun mai da ni wawa. Yaya Gaje ta bari na gama. Ta ce in je in tambayi Baba Nomau, da an jira ko kaka ba za ta kai ba. Sannan ta tako ta miƙa wa Tabawa hannu don in gani. Jikin Tabawa ya ja baya. Su biyun suka fashe da kuka, waɗannan da suke cin tuwo a ƙwarya ɗaya tun ranar da aka kawo ta gidan.

"Na ɗauke maka ne, ƙanena," in ji Yaya. "Ni ina da 'ya'ya da jikoki da zan taɓa. Kai ita kaɗai gare ka."

Na miƙa hannuna, a hankali, ina tsoro. Tabawa ta kama shi da nata biyu ta kwantar da kumatunta a ciki, ta yi raɗa ta ce tafiya ta ɓata mata matashi, duk ya yi kaushi.

Yau a Tungar Rimaye ba a danne kowa. Baba Nomau ya sha wuya kafin ya saba, don da ihun mutum yake gane zurfin askarsa, kuma ranar farko da mata suka ji shiru a ɗakin aiki sai suka fara kukan mutuwa. Yanzu ni ke dafa ruwan, ni ke zama a wajen kan majinyaci da tsumma, yatsana a jijiyar hannunsa. A kasuwa har gajiya nake da musabaha.

Kwalbar tana rataye a ɗakina, kuma na san abin da ke cikinta. Na san in na ɗiga a tsumma zan ji muryar nan tar, kamar yadda na ji ta a Kamsala. Akwai ranakun da nakan sauko da ita in riƙe, in tuna bayan ganuwa, in mayar. Tabawa ta san ranakun, ban san yadda take ganewa ba. Sai ta jawo turmi kusa da ni, ta kama hannuna ta ɗora a kan tabon, ta fara waƙarta. Masu zuwa rafi ba sa jin komai, wucewa suke yi. Ni kuwa ina jin ta tana motsi a tafina, baiti bayan baiti, har inda takan ja numfashi.

Nan tafiyata ta tsaya. Allah ya ba mai ciwo barci, ya ba mai jira abin da zai riƙe.